Kirit: Tsibirin Girka Mai Fuskantar Afirka, da Zangon da Ya Ɓace a Bakin Tekunsa

'Yan'uwa, yau za mu ƙetare teku.

Idan mutum ya tsaya a gaɓar gabashin Libiya, wajen Darna ko Tubruk, ya ba Sahara baya ya fuskanci arewa, babbar ƙasar da ke jiransa bayan ruwa ita ce tsibirin Kirit, kimanin kilomita 300 daga inda yake tsaye. Shi ne mafi girma cikin tsibiran ƙasar Girka, shi ne kuma na biyar a girma cikin Bahar Rum baki ɗaya. Larabawa na da sun san shi da suna Iƙriɗish, Turkawa suna ce masa Girit. Ruwan da ke kudancinsa kuwa, su kansu Girkawa Tekun Libiya suke kiransa. Yau miliyoyin mutane ne ke zuwa can hutu kowace shekara, galibi daga Jamus da Ingila da Faransa, har filin jirgin saman babban birninsa, Irakliyo, ya zama na biyu a yawan fasinja a ƙasar bayan na Atina. Ba mu ga laifin masu zuwa ba, don wurin ya isa a je.

Tsibirin dogo ne siriri, ya miƙe daga yamma zuwa gabas kimanin kilomita 260. Inda ya fi faɗi kilomita 60 ne, a wajen garin Yerapetra kuwa ya tsuke har ya koma kilomita 12 kacal. Duwatsu ne ƙashin bayansa. A yamma akwai waɗanda ake kira Fararen Duwatsu, a tsakiya akwai Siloritis mai tsayin mita 2,456, a gabas akwai Dikti. Dusar ƙanƙara tana kwana a kawunansu har bayan hunturu ya wuce, ta yadda a watan Afrilu mutum zai iya tsayawa a bakin teku da 'yar riga shara-shara yana hangen farin dutse a samansa. Ruwan da ke gangarowa daga can ya daɗe yana sassaƙa duwatsun, ya bar kwazazzabai masu zurfi. Wanda ya fi suna shi ne na Samariya, mai tsawon kusan kilomita 16. Masu yawon buɗe ido sukan shiga da sassafe ta sama, su yini suna gangarowa da ƙafa. Akwai inda bangayen dutsen biyu suke matsowa har faɗin hanyar ya koma mita uku zuwa huɗu, alhali tsayinsu ya kai mita ɗari uku. A ƙarshe sai su ɓullo wani ƙauye a bakin Tekun Libiya wanda hanyar mota ba ta isa gare shi, sai jirgin ruwa ya kwashe su. A cikin duwatsun nan ne wata akuyar daji da suke kira kiri-kiri take zaune.

Ƙasa-ƙasa kuma zaitun ne ya rufe ko'ina, sai inabi da lemo. Filin Mesara na kudu shi ne rumbun tsibirin. A Yerapetra rumfunan leda sun cika fili, ana noman tumatir da kokwamba a tsakiyar hunturu ana kai wa kasuwannin Turai. A can ƙuryar gabas, a Bayi, akwai kurmin wani irin dabino na daji da ya gangaro har bakin ruwa, a ƙuryar yamma kuma akwai gaɓar Elafonisi, wadda yashinta ke da ɗan ja-ja saboda ɓarɓashin bawon halittun ruwa. Hotunan waɗannan wurare su ne ake liƙawa a tallan kamfanonin tafiye-tafiye.

Tarihin da ake fara nuna wa baƙo shi ne na Kunosos, kufan wata fada da ke kusa da Irakliyo. An gina ta kusan shekaru dubu huɗu da suka wuce, da benaye da rumbuna da manyan randunan mai da bututun yumɓu masu janye ruwa. Wani Bature ɗan Ingila, Arthur Evans, ya fara tonon wurin gadan-gadan a 1900, ya kuma sake tayar da wasu sassa da siminti bisa yadda ya ƙiyasta, abin da masana suke ta muhawara a kansa har yau. Mutanen wannan fada sun yi ciniki da Masar ta Fir'aunoni, kuma sun bar wani rubutu wanda har yanzu ba wanda ya iya karanta shi. Wannan babi kowane ɗan jagora ya haddace shi, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. Akwai wasu babuka da ba a cika karanta wa baƙo ba, kuma su ne suka ja hankalinmu.

Na farko ya faro ne daga Andalus. A shekara ta 818, wato 202 bayan Hijira, mutanen wata unguwa da ke ƙetaren kogi a birnin Ƙurɗuba, wadda ake kira Rabad, suka yi wa sarki Hakam na Ɗaya bore saboda nauyin haraji da cin zalin dakarunsa. Masu sana'a ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, akwai kuma fuƙaha'u na mazhabar Malikiyya a cikinsu. Sarki ya murƙushe su, ya gicciye ɗaruruwa, ya rushe unguwar ƙurmus, ya kori waɗanda suka rage. Cikin malaman da abin ya shafa har da Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya gudu daga birnin kafin daga baya a yi masa afuwa. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Muwaɗɗa a gaban malami, ruwayar wannan Yahaya ya karanta. Korarrun suka rabu. Wasu suka nufi Fas, inda har yau ake da ɓangaren Andalusawa. Wasu kuma, kamar yadda marubutan Larabawa suka ruwaito, suka hau jirage suka sauka Iskandariyya, suka riƙe ta har kwamandan Halifa Ma'amun, Abdullahi ɗan Ɗahiru, ya fitar da su a 827. Sai suka juya akalar jiragensu zuwa Kirit a ƙarƙashin wani mai suna Abu Hafsi Umar Alballuɗi, suka ƙwace tsibirin daga hannun Rumawan Ƙusɗanɗiniyya.

Suka gina gari a gaɓar arewa, suka kewaye shi da ganuwa da gwalalo mai zurfi, suka sa masa suna Handaƙ, kalmar da kowane almajiri ya sani daga tarihin yaƙin Ahzabu. Rumawa suka karya sunan da harshensu ya zama Handakas, Turawan da suka biyo baya suka mayar da shi Kandiya, har suka riƙa kiran tsibirin duka da haka na ɗaruruwan shekaru. Garin nan shi ne Irakliyo ta yau. Masarautar ta rayu kimanin shekaru 135. Ta buga kuɗinta, ta yi mubaya'a ga halifofin Bagadaza, ta yi ciniki da Masar. Ta kuma kai hare-hare kan tsibirai da garuruwan Rumawa, ta kama mutane ta sayar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai mafi yawan abin da aka sani game da ita daga alƙalamin abokan gabanta ya fito, su kuwa ba su ga kome a cikinta ba sai sansanin 'yan fashin teku. A watan Maris na 961, bayan ƙawanyar da ta ci hunturu guda, kwamandan Rumawa Nikiforos Fokas ya ci Handaƙ. Aka karkashe, aka kama bayi, aka rushe masallatai, aka kai sarki na ƙarshe, Abdul'azizu ɗan Shu'aibu, Ƙusɗanɗiniyya a ɗaure. Abin da ya rage na wannan al'umma a yau bai wuce 'yan tsabar kuɗi da ake tonowa a ƙasa ba, sai kuma sunan da ya maƙale.

Bayan 1204 tsibirin ya faɗa hannun 'yan kasuwar birnin Fenis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Sun riƙe shi fiye da shekaru ɗari huɗu, kuma su ne suka gina manyan ganuwoyi da tasoshin jiragen ruwan da ake ɗaukar hoto a gabansu yanzu a Haniya da Retimno da Irakliyo. Daga nan Turkawan Daular Usmaniyya, ta Santambul muke nufi, suka sauka a 1645. Haniya ta faɗi a shekarar, Retimno a ta biye. Kandiya kuwa ta ƙi. An yi mata ƙawanya daga 1648 har 1669, shekaru ashirin da ɗaya, har yaron da aka haifa a farkon yaƙin ya isa ɗaukar makami kafin a miƙa makullan gari.

A nan babi na biyu ya fara. Musulmin Kirit na zamanin Turkawa galibinsu 'yan asalin tsibirin ne da suka musulunta, wasu don imani, wasu don kauce wa jiziya, wasu don shiga aikin soja. Girkanci suke yi a gida da kasuwa, da yawansu ba su iya Turkanci ba, wasu kuma suna rubuta Girkancin da baƙaƙen Larabci, kamar dai yadda muke yi da ajami. Ana iya samun Musulmi da Kirista 'yan kaka ɗaya a ƙauye ɗaya. Amma mulkin Turkawa ya fifita Musulmi, dakarunsa kuma sun yi wa Kiristoci zalunci mai yawa, don haka ƙarni na goma sha tara ya zo da bore bayan bore: 1821, 1866, 1897. A 1866 ɗaruruwan Kiristoci, har da mata da yara, suka fake a gidan ibada na Arkadi, da suka ga sojoji sun ci ƙarfinsu sai suka cinna wa ma'ajiyar albarushi wuta, suka mutu tare da waɗanda suka shigo musu. Girkawa suna girmama wurin ƙwarai, motocin baƙi ba sa yankewa a ƙofarsa. A ƙauyuka kuma an kashe Musulmi an ƙone gidajensu, suka yi ta tururuwa zuwa cikin birane masu ganuwa. A 1898 aka yi wa Kiristocin Kandiya kisan gilla tare da sojojin Ingila, abin da ya sa manyan ƙasashen Turai suka tilasta wa sojojin Sarkin Musulmi na Santambul ficewa. A ƙidayar 1881 Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen tsibirin. Zuwa 1900 sun koma kimanin kashi 11 cikin ɗari. Wasu da suka yi hijira a lokacin Sarki Abdulhamid na Biyu ya zaunar da su a gaɓar Sham, a wani gari da aka sa wa suna Hamidiyya, inda jikokinsu suke jin Girkancin Kirit har zamaninmu. Wasu suka sauka Susa a Libiya.

Kirit ta haɗe da Girka a 1913. Shekaru goma bayan haka, a watan Janairun 1923, wakilan Girka da Turkiyya suka sa hannu a birnin Lozan na Suwizalan kan musayar jama'a. Ma'aunin da aka ɗauka addini ne kawai. Kiristocin Anadol fiye da miliyan ɗaya suka zama na Girka, Musulmin Girka kusan dubu ɗari huɗu suka zama na Turkiyya, ba tare da an tambayi kowa ra'ayinsa ba. Musulmin Kirit da suka rage, fiye da dubu ashirin, aka loda su a jirage zuwa Izmir da Aibalik da Bodrum, ƙasar da yawancinsu ba su taɓa gani ba, ba su kuma jin harshenta. Gidajensu aka raba wa Kiristocin da aka koro daga can, waɗanda su ma da kuka suka iso. Dattawanmu na zangunan Gana da suka ga shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, sun san yadda takarda ɗaya daga ofis take mayar da haifaffen gari baƙo.

Babi na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu, shi ne kuma mafi ƙarancin shaida. Daga 1830 zuwa 1840 Kirit tana ƙarƙashin Muhammadu Ali Basha na Masar, kuma hasumiyar fitilar da ke bakin tashar Haniya, wadda ta yi kama da hasumiyar masallaci, a zamaninsa aka sake gina ta. A wannan ƙarni baƙaƙen fata suka yawaita a tsibirin. Wasu sun zo da rundunar Masar, wasu talauci ya koro su daga Bingazi suka zo dako. Da yawa kuma a ɗaure suka iso. Ayarin da ke tashi daga Borno da ƙasar Hausa ya bi ta Fezan zuwa Tarabulus, da wanda ke tashi daga Wadai ya bi ta Kufra zuwa Bingazi, ba fatu da gashin jimina kaɗai suke ɗauka ba, har da 'yan Adam. Daga gaɓar Libiya ana zuba su a jirage zuwa kasuwannin Izmir da Santambul, Kirit kuwa tana tsakiyar hanya. Santambul ta haramta fataucin baƙaƙen bayi a 1857, amma fasa-ƙwauri ya ci gaba shekaru da yawa. Ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: a wancan ƙarni mafi yawan masu kamawa da masu sayarwa da masu saye a wannan hanya Musulmi ne, kuma wasu kasuwannin farko a garuruwanmu suke.

Waɗanda aka 'yanta da waɗanda suka zo da ƙafarsu suka taru a bayan ganuwar Haniya ta gabas, a kan rairayi, kusa da ƙofar da Turkawa ke kira Kum Kapi, wato Ƙofar Yashi. Suka kafa bukkoki na kara da ciyawa. Matafiyan Turai da suka gan su sun rubuta cewa kamar an ɗauko ƙauyen Afirka an dasa a bakin tekun Girka. Maza suna dako a tasha, suna tuƙa kwale-kwale, suna taya mahauta aiki, mata suna aikatau a gidaje. Mutanen gari suka laƙaba musu suna Halikuti, ana cewa daga kalmomin Larabci da 'yan dako ke faɗa wa juna wajen sauke kaya, kuma sunan ya zama na raini. Suna da bikinsu na shekara a watan Mayu, da ganguna da rawa da tafiya a jere zuwa bakin teku. Takwarorinsu na Izmir suna da nasu, Bikin Maraƙi, kuma matan da ke shugabantar al'amuransu na tsafi da warkarwa ana kiransu godiya. Wasu masana sun danganta kalmar da godiya ta Hausa, macen doki, wadda 'yan bori ke kiran macen da iska ke hawa da ita. Ba muna yabon bori ba ne, hukuncinsa a shari'a sananne ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda kalma ɗaya za ta iya ƙetare Sahara da teku a bakin baiwa, ta rayu bayan an manta sunan garin da aka kamo ta.

Duk wanda ya tashi a zango zai gane fasalin Kum Kapi: baƙi a bayan gari, masu aikin ƙarfi, waɗanda gari ke buƙatar ƙwanjinsu amma ba ya son ganin bukkokinsu. Bayan tafiyar Turkawa hukumomin sabuwar gwamnati suka ɗauki unguwar a matsayin ƙazanta, aka rushe bukkokin. Wasu suka koma Libiya da Masar. Da musayar 1923 ta zo, da yake Musulmi ne, aka lissafa sauran cikin "Turkawa" aka tura su Anadol. Wani jikansu, Mustafa Olpak, wanda aka haifa a Aibalik a 1953, ya bi sawun kakanninsa da aka kamo daga gaɓar Kenya aka sayar a Kirit, ya rubuta littafi a kansu a 2005, ya kuma kafa ƙungiyar Turkawa 'yan asalin Afirka a shekarar da ta biyo. Ya rasu a 2016. Ba don irinsa ba da kusan duk abin da aka sani game da mutanen nan daga bakin 'yan kallo zai fito. Andalusawa sun bar kuɗi da suna, Musulmin zamanin Turkawa sun bar gine-ginen dutse da rajistar kotunan alƙalai. Mutanen Kum Kapi da kara suka yi gini, kuma ba mu da labarin wani littafi da suka ajiye na haihuwa ko aure ko mutuwa. Mu da aikinmu ya haɗa da rubuta wa mai unguwa sunayen jarirai da mamata da takardun filaye, wannan wuri ya sa mun sake duban tsofaffin littattafan da ke cikin akwatinmu, waɗanda gara ta fara ci.

'Yan ƙalilan ne suka saura a Haniya. Wanda aka fi tunawa shi ne Salis, matuƙin kwale-kwale a tsohuwar tasha, wanda mutanen gari suka shaida da kyauta da taimakon marayu duk da talaucinsa. Ya rasu a 1967, kuma kabarinsa yana cikin maƙabartar Kirista ta Ayos Lukas. Allah Ya jiƙan Musulmi.

Wanda Allah Ya ba ikon zuwa zai ga sauran alamomi idan ya san inda zai duba. A bakin tashar Haniya akwai masallacin Kucuk Hasan Basha mai babbar ƙubba, wanda aka gina jim kaɗan bayan 1645. An rushe hasumiyarsa, yanzu ɗakin baje kolin zane-zane ne. A unguwar Isplanziya akwai cocin Ayos Nikolawos, mai hasumiyar ƙararrawa a gefe ɗaya da hasumiyar kiran salla a ɗaya gefen, domin coci ne da farko, ya zama masallaci, ya sake komawa coci. Masallacin Neratze na Retimno makarantar kiɗa ce. Cocin Ayos Titos na Irakliyo, mai siffar murabba'i da ƙubba, a matsayin masallaci aka gina shi bayan girgizar ƙasar 1856. Ɗan tsibirin Isfinalonga na gabas, wanda jirage ke ta jigilar baƙi zuwa gare shi, an san shi da zangon kutare da ya rayu daga 1903 zuwa 1957, amma kafin kutaren gari ne na iyalan Musulmi masunta da 'yan kasuwa. Abinci ba zai yi wa Musulmi wuya ba, ga kifi, ga wake da ganyaye da cuku da man zaitun, sai dai a yi hattara da ɗan kofin da ake kawowa kyauta bayan cin abinci, wanda suke kira raki, don barasa ce. Kum Kapi kuwa tana nan da sunanta, minti kaɗan da ƙafa daga tsohuwar tasha. Jerin shagunan shan gahawa ne a bakin ruwa, matasan gari suna cika shi da yamma.

Kudu da Kirit akwai wani ɗan tsibiri mai suna Gabdos, shi ne iyakar Turai ta kudu, mazaunansa na dindindin ba su da yawa. A 'yan shekarun nan jiragen roba da tsofaffin kwale-kwalen masunta da ke tashi daga wajen Tubruk suna ta sauka a can da kuma gaɓar kudancin Kirit, cike da mutanen Masar da Sudan da Bangaladash da wasu ƙasashe. A watan Yulin 2025 majalisar dokokin Girka ta amince da dakatar da karɓar takardun neman mafaka na wata uku daga duk wanda ya iso ta ruwa daga Arewacin Afirka. A lokacin, waɗanda aka ceto daga teku akan kai su wani tsohon filin baje koli da ke bayan garin Haniya, su kwana a ƙasa, kafin a sa su a jirgin da zai wuce da su babban yankin Girka.